Lacca a kan Kalmar nan Aura

 Yau maganarmu a kan kalma ɗaya ce tak, mai haruffa huɗu: a, u, r, a. Ko wanenku ya iya haɗa su ya karanta. Amma iya karanta kalma daban, sanin abin da ta ke nufi daban. Wannan kalma kuwa tana da wuyar sha'ani, gama in ka gamu da ita cikin takardar Hausa abu ɗaya ta ke nufi, in kuwa ka gamu da ita cikin takardar Turanci, ko ka ji ta a bakin likita, wani abu ne dabam. Akwai ma wurin da saninta ya kan tsirar da ran mutum. Sabo da haka ku kasa kunne, mu bi sawunta daga inda ta fito har inda ta iso.

Tamu ta gida

Mu fara da wadda muka gada. Aura da Hausa ita ce yin aure. Mu kan ce, "Ita ce matar da ya aura." In aka ambaci matar a bayan kalmar, sai ƙarshenta ya sake, mu ce, "Wane ya auri 'yar maƙeri." In kuwa ba a ambace ta ba, aka ce "ta" kawai, sai mu ce, "Ya aure ta bara." Uban yarinya shi kuma ya aurar da ita. Kun ga aura, auri, aure, aurar, duk tsatso ɗaya ne, ko yaro ya san su tun bai san baƙi ba.

Akwai kuma wata kalma mai kama da ita, watau al'aura, wadda muka aro daga Larabci. Ita ce wurin da ya wajaba mutum ya rufe a jikinsa. Ba ta da dangantaka da aure ko kaɗan, sai dai kamar sauti.

To, ta ukun ita ce baƙuwa, ta Turawa. A rubuce ba ta da bambanci da tamu ko na ɗigo ɗaya. A baki kuwa Turawan Ingila su kan faɗe ta kamar "ora". Kama da wane ba ta wane. Harsunan duniya suna da yawa, sautukan da bakin ɗan Adam ya ke iya fitarwa kuwa kaɗan ne, don haka ba abin mamaki ba ne kalmomi biyu su yi karo, alhali ba su taɓa sanin juna ba. Wanda ya ce maka Turawa daga wurinmu suka are ta, ko mu muka aro daga wurinsu, ka ce ya kawo shaida.

Inda baƙuwar ta fito

Asalinta daga Girkawa ne, waɗanda Larabawa ke kira Yunanawa. Tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce suna kiran iska mai sanyi, mai busowa a hankali, aura. Ba su kiran guguwa ko hadari da wannan suna. Irin iskar nan ce da ta kan taso daga kogi da asuba, ta taɓa ka, ka ji daɗi, ba ka gan ta ba. Romawa suka ari kalmar suka sa cikin harshensu na Latin, da ma'anarta yadda ta ke. Daga Latin ta shiga Turancin Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 14, har yanzu dai tana nufin iska mai laushi.

Kada ku yi mamakin kalma ta yi irin wannan doguwar tafiya. Alƙalamin da ke hannunku ma haka ya yi. Mu daga Larabawa muka sami sunansa, su kuma masanan harsuna suna cewa Larabawa daga Girkawa suka same shi, gama da harshen Girka kalamos shi ne kara, irin wanda a ke feƙewa a yi rubutu. Likita da asibiti kuma daga Turanci muka aro su, muka gyara su daidai bakinmu, har sun zama 'yan gida.

Kalma in ta daɗe a bakin mutane ma'anarta ta kan yi rassa. Cikin ƙarni na 18 Turawa suka fara kiran ƙanshi ko tururin da ke tashi daga jikin abu aura, tun da ya ke shi ma iska ce ke kawo shi, ido kuma ba ya ganinsa. Cikin ƙarni na 19 suka ƙara gaba, suka ɗora ta a kan mutum, watau abin nan da ka kan ji game da mutum tun bai buɗe baki ba. Ku dubi tamu kalmar iska, za ku ga ita ma haka ta yi. Akwai iskar da ke kaɗa ganye, akwai shan iska da maraice, akwai iskoki na 'yan bori, akwai kuma ɗan iska wanda ba shi da tarbiyya. Kalma ɗaya ce, amma wanda ya cakuɗa su ya sha kunya.

Aura a bakin likita

Nan ne na fi so ku natsu, gama nan ne amfanin ya fi yawa.

Akwai wani babban likita na zamanin da, sunansa Galen, malamanmu masu karatun Larabci sun san shi da sunan Jalinusu. An haife shi wajen shekara ta 129 bisa lissafin Turawa, a birnin Fargamus, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, ya kuma yi aikinsa a birnin Roma. Cikin littattafansa ya ba da labarin wani yaro mai farfaɗiya, wanda ya gaya wa likitoci ya kan ji wani abu ya taso masa daga ƙafa, ya bi cinya, ya hau har wuya. Da ya kai kansa, shi ke nan, ba ya ƙara sanin inda ya ke. Suka tambaye shi kamar me abin ya ke, ya kasa faɗa. Sai wani saurayi mai irin ciwon ya ce shi dai ya kan ji shi kamar iska mai sanyi. Daga nan likitoci suka riƙe kalmar, har wa yau kuwa ita su ke kiran alamar da ta kan riga farfaɗiya zuwa.

Ko wane manomi ya san misalin wannan. Kana gona da damina, rana tana dukanka, sai ka ji wata iska mai sanyi ta buso daga gabas. Ba ka jira an gaya maka, ka san ruwa na tafe, sai ka saɓi fartanya ka nemi mafaka.

Likitocin zamanin nan sun gane abin da Jalinusu bai iya gani ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki da wani irin lantarki ɗan kaɗan ƙwarai, wanda ke gudana bisa tsari. Farfaɗiya ita ce lantarkin nan ya rikice, ya tashi gaba ɗaya. Aura kuwa ita ce farkon rikicewar, sa'ad da ta ke a wuri ɗaya ƙanƙane cikin ƙwaƙwalwa, mutum yana cikin hankalinsa tukuna. Kamar wuta ce ta kama gefen zana guda, ba ta riga ta ci danga ba. Wani lokaci ta kan mutu nan, mutum bai faɗi ba. Wani lokaci kuma ta kan bazu.

Ba kowa ke jin iska mai sanyi ba. Wani ya kan ji abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji. Wani ya kan ji wari ko ɗanɗanon abin da babu shi a wurin. Wani tsoro ne ya kan kama shi farat ɗaya, ba dalili. Wani ya ga kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa a da, daidai wa daida. Wani kuma ya ji hannu ko gefen fuska yana tsiyayar ƙaiƙayi kamar tafiyar tururuwa. Yawanci ba ta daɗewa, daƙiƙa kaɗan ce, ko ta kai minti ɗaya ko biyu. Akwai kuma masu farfaɗiya da yawa waɗanda ba su jin ko wace alama, sai dai su farka su ga mutane kewaye da su.

To, kai da ka ke jin taka alamar, ko ka ke da ɗa ko ƙane mai jin tasa, ga abin yi. Da ta zo, kada a tsaya gardama da ita. A nisanci wuta, a nisanci rijiya da bakin kogi, a sauko daga itace ko keke ko jaki, a kauce daga hanyar mota, a ajiye wuƙa ko lauje, a kwanta ƙasa a gefe ɗaya, a kuma gaya wa na kusa. Sau da yawa raunin da masu wannan ciwo ke samu daga wurin faɗuwar ya ke zuwa, ƙuna a murhu, ko nutsewa a ruwa, ko fashewar kai. Rigakafi ya fi magani.

Kai kuma da ka ke tsaye kusa sa'ad da mutum ya faɗi, ka janye duk abin da zai ji masa rauni, ka naɗe riga ka sa masa ƙarƙashin kai, ka sassauta abin da ya matse masa wuya. Kada ka danne shi. Kada ka cusa masa cokali ko kara ko yatsa a baki, gama mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa ya kan karya haƙori. Kada ka ɗura masa ruwa ko magani sai ya farfaɗo sarai, don kada ya shaƙe. In jijjigar ta lafa, ka juya shi a gefe yawu ya zuba, ka zauna da shi har hankalinsa ya komo. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa tun bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko kuwa wannan ne karo na fari, sai a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ku kuma sani ba a ɗaukar farfaɗiya. Yawun mai ita ba ya sa wa kowa ita, haka numfashinsa, haka cin abinci tare da shi cikin ƙwarya ɗaya. Gudun da mutane ke yi su bar shi yana birgima kusa da wuta, shi ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane wajen miliyan 50 ke da wannan ciwo a duniya, kusan 80 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa wadata ne. Ta kuma ce har 70 cikin 100 suna iya zama ba faɗuwa in an gane ciwon, an ba su maganin da ya dace, suna sha kullum. In kun je wurin likita, ku kwatanta masa alamar dalla dalla, kada ku ji kunya don ta yi kama da shirme. Irin alamar ta kan nuna masa gefen ƙwaƙwalwar da abin ke farawa.

Akwai wani ciwo kuma da likitoci ke amfani da kalmar a kansa, shi ne ciwon ɓarin kai mai tsanani, wanda ya kan zo da tashin zuciya da ƙin haske. Wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu shi su kan ga alama kafin ya sauka. Su kan ga haske mai walƙiya, a karkace kamar haƙoran zarto, ko wani gefe na abin da su ke kallo ya ɓace. Wannan ta fi ta farfaɗiya daɗewa, daga minti 5 har zuwa 60. Wanda ya san tasa ya kan sha maganinsa da wuri, ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. Amma fa ku lura. In mutum bai taɓa yin haka ba, sai ga shi farat ɗaya baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ce ai aura ce, za ta wuce. Yana yiwuwa shanyewar ɓarin jiki ce, ita kuwa ba ta jira.

Masu cewa suna ganin haske

Cikin shekara ta 1875 waɗansu mutane suka kafa wata ƙungiya a birnin New York na Amurka, ta masu binciken al'amuran ɓoye, a ke ce mata Tiyosofi. Wani Baturen Ingila daga cikinsu, Charles Leadbeater, ya fitar da littafi cikin 1902, da hotuna masu launi, yana cewa ko wane mutum yana da wani haske kewaye da jikinsa, launin hasken kuma yana nuna halinsa. Wannan haske shi suka kira aura. Cikin 1911 wani likita a London, Walter Kilner, ya ce ya ƙera gilashi mai rini wanda in an duba ta cikinsa za a ga hasken, har a gane ciwo da shi. Cikin 1939 kuma wani mai gyaran kayan lantarki a ƙasar Rasha, Semyon Kirlian, ya tarar in an ɗora hannu ko ganye a kan takardar ɗaukar hoto, aka saki lantarki mai ƙarfi, hoton ya kan fito da haske kewaye da shi. Mutane da yawa suka ce ga shaida ta samu.

Amma sai an gwada a kan san na ƙwarai. Masana suka gwada, suka tarar hasken Kirlian lantarkin ne da kansa ke tsalle cikin iska, girmansa kuma yana sakewa gwargwadon damshi ko gumin da ke jikin abin. Ko kwabo ko mabuɗi aka ɗora, su ma su kan fito da haskensu. An kuma gwada masu cewa suna gani da idonsu. A kan tsai da mutane bayan labule ko cikin duhu, a ce su nuna inda mutum ya ke ta wurin haskensa. Ba su fi mai cinke dacewa ba. Har yau a biranen Turai da Amurka akwai masu karɓar kuɗi su ɗauki mutum hoto, su ce ga launin aurarsa. In irinsu suka iso gare ku, a kasuwa ko ta cikin waya, ku riƙe kuɗinku.

Aura ta yau da kullum

Yawancin Turawa in sun ce wane yana da aura, ba maganar haske su ke yi ba. Abin da su ke nufi mu ma muna da sunansa tun kaka da kakanni. Akwai dattijon da in ya shigo zaure kowa ya kan gyara zama, surutu ya yanke, alhali bai tsawata wa kowa ba. Mu kan ce yana da kwarjini, ko yana da haiba. Akwai kuma wanda duk inda ya zauna sai mutane sun kewaye shi suna murna, shi kuma mu kan ce yana da farin jini. Bature ya kan haɗa waɗannan duka cikin kalma ɗaya, mu kuwa mun rarrabe su. Su kan faɗe ta ga wuri ma. Inda Bahaushe zai ce tsohon kangon nan yana da ban tsoro, ko gidan nan ya yi jugum, Bature sai ya ce wurin yana da aura ta tsoro, ko ta baƙin ciki.

Wani marubuci Bajamushe, Walter Benjamin, ya ɗora ta a kan kaya cikin wata maƙala da aka buga a 1936. Ya ce abin da aka yi da hannu, guda ɗaya tak a duniya, yana da wata daraja wadda hotonsa ba shi da ita, ko an buga hoton sau dubu. Ku kwatanta wasiƙar da mahaifinku ya rubuta da hannunsa da hoton wasiƙar. Maganar ciki ɗaya ce, amma kun san wadda za ku adana a ƙasan akwati.

Samarin zamanin nan kuma sun mai da ita abin wasa. Cikin 2024 aka yi yayin lissafa ta kamar maki a TikTok da irinsa. Wanda ya yi bajinta ba tare da nuna wahala ba sai a ce ya sami aura 1,000, wanda ya yi tuntuɓe a gaban jama'a a ce ya yi hasarar 500. Cikin 2025 hoton wani yaro ɗan ƙasar Indonesiya ya zaga duniya. Yana tsaye a goshin wani dogon kwalekwale, cikin tseren da a ke kira Pacu Jalur a tsibirin Sumatra, maza suna tuƙi iya ƙarfinsu, shi kuwa yana rawa a natse kamar a tsakar gida. Aka ce yana yin abin da in an juya da Hausa sai a ce noman aura, watau yin abu da gangan don a gan ka da kwarjini. Masu ƙamus na Oxford har sun sa wannan magana cikin guda uku da suka zaɓa don neman kalmar shekarar, ko da ya ke ba ita ta ci ba.

Yadda za ku yi da ita

Mai karatu ya kan gane kalma ta wurin maƙwabtanta. In ka ga aura cikin maganar Hausa, ga sadaki ga waliyyi, aure ne. In ka gan ta cikin takardar asibiti, alamar ciwo ce mai zuwa, ka kuwa ɗauke ta da nauyi. In ka gan ta tare da launi da hoto da neman kuɗi, ka wuce abinka. In an faɗe ta game da sarki ko malami ko ɗan ƙwallo, ka juya ta ka ce kwarjini, ko haiba, ko farin jini, gwargwadon wanda ya dace. In kuwa ka rasa gane wadda a ke nufi, ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Abu ɗaya na ke roƙonku. Yawancin garuruwanmu ba a rasa mai farfaɗiya, da yawansu kuma ba su iya karatu ba tukuna. Ku da kuka iya, ku ɗauki ɗan littafin nan ku je ku karanta musu babin likita, su da iyayensu da matansu, ku tambaye su ko suna jin wata alama, ku kuma shirya tare abin da za a yi ran da ta zo.

Iyakar maganata ke nan.